Marin da Na Bari Aka Sa wa Autana

Ni ban zauna a aji ba, ban taɓa riƙe biro ba. Abin da kuke karantawa ɗin nan da baki na faɗe shi, babbar 'yata ta zauna a gabana tana rubutawa, na kuwa gargaɗe ta kada ta gyara min magana, ko da ta zo inda ba ta so. Jikokina sukan kewaye ni su ce in ba su tatsuniya. Wannan ba irin wadda nake ba su ba ce. Wannan a kaina ta faru, kuma har yau ba ta ƙare ba.

A Karshi muke zaune. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya kawo ni daga ƙasar Zazzau ina da goyo, yana fataucin hatsi da doya a kasuwar garin. Allah ya ba mu 'ya'ya, ya karɓi wasu, ya bar min biyu: mace ta fari, wadda ta yi karatu har ta samu aiki a wata ma'aikatar gwamnati cikin Abuja, da namiji, autana. Sai na uku wanda ban haifa ba, ɗan wan mijina, da uwarsa ta rasu yana ɗan shekara biyar aka kawo min shi. Daga tukunya ɗaya na ciyar da su, a kan tabarma ɗaya suka kwana.

A wurinmu da gaisuwa ake auna mutum. Kafin a tambayi sana'arka, kafin a tambayi gidanku, an riga an ga yadda ka gai da manya. In za a ba da aure, tsofaffi sukan ce, yaron nan yana gai da mutane? In aka ce yana gaisarwa, to rabin bincike ya ƙare. A kan haka na tashi, a kan haka na reni nawa.

Ɗan wan mijina kuwa, ban taɓa ganin mai gaisuwa irinsa ba. Tun daga zaure yake tuɓe takalmi. Ya durƙusa har gwiwarsa ta taɓa ƙasa, ya tambayi kwana, ya tambayi gajiya, ya tambayi ƙafata mai ciwo, ya tambayi akuyar da ta haihu. Ba ya tashi sai an ce ya tashi. Da ya girma sai ya shiga dillancin filaye, don a lokacin birni ya fara tahowa wajenmu, gonakin Orozo da ke maƙwabtaka da mu suna zama gidaje ɗaya bayan ɗaya. Duk tsohon da ya gan shi sai ya sa masa albarka.

Auta shi mai kunya ne, gaisuwarsa gajeriya, kansa a ƙasa. Ɗinki ya koya, ya samu wuri a wani shago cikin kasuwar Wuse, yana kwana wajen yayarsa. Ranar Asabar sai ya shigo mota ya zo min da burodi da ragowar ƙyallen atamfa. Ya zauna kusa da murhu yana fere min doya, ba ya magana mai yawa, yana dai ɗan waƙe-waƙensa a cikin maƙogwaro. In na rufe ido yanzu, a wurin nan nake ganinsa.

Ana nan, ana nan, wata Asabar ya zo hannu rabbana. Ya zauna ya daɗe yana kallon wuta, sannan ya ce, "Inna, motocin hayar nan masu kore da fari, kin san duk ni suke bi?"

Na yi dariya. Na ce, "Kai wane ne da za su bar neman abincinsu su bi ka?"

Bai yi dariya ba. Ya ce in ya taka keken ɗinkinsa, keken yana kiran sunansa. Ya ce akwai wasu mutane uku da suke zancensa a bayan kunnensa, ba sa gajiya. Kwanci-tashi ya daina wanka, ya daina cin abincin da ba a gabansa aka dafa ba. Mai shagon ya yi haƙuri har ya gaji, ya sallame shi. Ya dawo gida gaba ɗaya.

Yayarsa ta ce a kai shi asibiti. Na ce mata asibiti ba ya maganin iska. Aka yi rubutu aka wanke ya sha, aka yi hayaƙi, aka yanka abin da aka ce a yanka. Jiya i yau.

Sai ya daina gaisuwa. Wannan shi ne abin da garin bai yafe masa ba. Zai bi ta gaban dattawa a ƙofar masallaci, leɓɓansa na motsi, idonsa a wani wuri, ya wuce bai ce musu uffan ba. Daga baya ya gaya min ba raini ba ne, surutun da ke kansa ne ya fi na tsakiyar kasuwa, ko an yi masa magana ba ya ji. Amma a lokacin wa ya sani? Mutane suka ce wannan ba ciwo kaɗai ba ne, akwai mugun hali a ciki, wanda ya iya wuce sa'an ubansa bai gaishe shi ba babu abin da ba zai iya ba. In ya fito, mata sai su janye 'ya'yansu cikin gida. Ni kaina, Allah na tuba, na fara ɓoye wuƙa da ashana.

A bayan gidanmu akwai wani manomi Bagwandare, ɗan asalin garin, mutumin kirki, yana da gona babba da rumbu uku da rumfar doya. Wata Juma'a bayan an gama girbi, maza duk suna masallaci, sai muka ji ihu. Wuta ce. Ta cinye rumbunan, ta cinye doyar. Tsohuwar manomin ta shiga za ta ja buhu ɗaya, hannuwanta biyu suka ƙone.

Da maza suka sheƙo daga masallaci, auta suka tarar tsaye a gefen wutar, yana kallo, yana magana shi kaɗai. Suka ce, "Kai ka sa?"

Ya ce, "Tun jiya suke gaya min za a yi wuta."

Ba su jira ƙari ba. Suka rufe shi da duka. Ina ta kururuwa babu mai ji na, sai ga ɗan wan mijina cikin farar riga, ya faɗa kan ƙaninsa ya rufe shi da jikinsa, yana hawaye yana cewa, "Ku ji tsoron Allah, ba ya cikin hankalinsa! Ku bar min shi, ni zan san yadda zan yi." Ran nan na sa masa albarka har muryata ta dushe.

Shi ya kawo shawarar wani malami a wani ƙauye can cikin Nasarawa, mai tsare masu taɓin hankali. Dattawa suka ce ko a kai shi can, ko a kira 'yan sanda. Shi ya kawo mota. Da muka isa, malamin ya ce mai sa wuta ba a barinsa sake. Aka kira maƙeri, ya zo da guduma da mari, ƙarfen nan da ake ɗaure ƙafafu biyu da shi.

Ni na riƙe kafaɗarsa. Ki rubuta haka, kada ki sassauta. Ba a tilasta ni ba. Na ga in ni na riƙe shi ba zai yi gardama ba, bai kuwa yi ba. Da maƙerin ya ɗaga guduma sai ya juyo ya dube ni ya ce, "Inna, ƙafata ce fa. Da ita nake taka keke."

Wata huɗu ya yi a wurin. Na ce wa yayarsa yana Zazzau wajen dangi ana yi masa magani. Duk mako nakan kai masa abinci, in tarar da shi da sauran masu ciwon a jere ƙarƙashin rumfa, in ga shatar bulala a bayansa, in ce wa zuciyata aljanin ake duka ba ɗana ba. Ƙarfen ya ci idon sawunsa har ya yi ruwa.

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Yayarsa ta zo ba sanarwa, wata maƙwabciya ta tare ta da jaje tun a ƙofa. Ta shigo ta tsaya a kaina, yarinyar da ba ta taɓa ɗaga min murya ba, ta ce, "Inna, ɗanki ne fa, ba saniya ba ce." A ranar ta ɗauki shatar mota, ta je ta sa aka kwance shi, ta wuce da shi wani asibiti a cikin birni. Na bi su ina jan ƙafa, ina jin kunyar haɗa ido da kowa.

Likitar mace ce, Bakanuwa, ba ta fi 'yata shekaru ba. Tana magana Turanci na shigo mata, in ta ga na ɓata sai ta dawo ta bi da ni a hankali. Ta duba ƙafarsa, ta dube ni. Ba ta zage ni ba. Da ma ta zage ni.

Na ce, "Likita, hauka ne ko?"

Ta ce, "Mama, mu a gida komai sai mu tara mu ce hauka. Ilimin da muka karanta a kan cututtukan tunani da ɗabi'a, yadda suke farawa da yadda suke nuna kansu, shi ake kira saikofatoloji. Ba sunan cuta ɗaya ba ne. Kamar ki ce kasuwa ce, akwai layin hatsi, akwai layin mahauta, akwai na 'yan atamfa. Wanda ya je sayen gero ba ya tsayawa wajen mahauci."

Na ce, "To nawa a wane layi yake?"

Ta ce, "Nasa muna ce masa saikosis. Mutum ne ke rabuwa da abin da yake zahiri. Ya ji murya babu mai magana, ya gaskata abin da babu shi. Kuma ba ƙarya yake yi ba, Mama, da gaske yana ji, kamar yadda kike ji na yanzu. Akwai maganinsa."

Na sunkuyar da kai na tambaye ta abin da ya fi damuna. Na ce, "Shi ke sa mutum mugunta?"

Ta ce, "Yawancin masu wannan ciwon su ake cuta, ba su ke cutar mutane ba. Tsoro ne ya cika su. Ban ce ba a samun wanda tsoron zai tura ya yi ɓarna ba, ana samu. Amma ciwon ba ya cire wa mutum tausayi. Ɗanki tun da ya shigo yake tambayata ko tsohuwar da ta ƙone ta warke."

Aka sa shi a kan ƙwayoyi da allura duk wata. A hankali, a hankali, kamar yadda ruwan rijiya ke kwantawa bayan an dama shi, yaron ya fara dawowa. Ya yi ƙiba, hannunsa na ɗan rawa, barci ya yi masa yawa, amma idonsa ya koma nasa. Ya zauna wajen yayarsa. Wata rana na je duba shi, ya ce, "Inna, ban sa wutar nan ba. Hayaƙi na gani na je."

Na ce, "To, ya wuce." A zuciyata kuwa cewa na yi, bawan Allah, bai tuna ba ne.

Manomin nan bai sake miƙewa ba. Ya sayar da gonar, ya kwashi tsohuwarsa ya koma wajen danginsa. Kafin damina biyu gidaje sun tsiro a wurin. Wata rana da azahar ɗan wan mijina ya zo cikin sabuwar mota, ya yi gaisuwarsa yadda ya saba, na zubo masa tuwon dawa da miyar kuka. Yana ci yana hangen rufin sababbin gidajen ta saman katanga.

Ya ce, "Inna, kin ga yadda wurin nan ya yi kyau? Shekara uku ina bin mutumin nan ya sayar, ya ƙi. Ashe maganin sauro guda ɗaya, irin na kunnawa, da ɗan tsumma, sun isa su gama magana."

Na ajiye ludayin da ke hannuna. Na ce, "Kai ka sa wutar?"

Ya yi dariya. "Haba Inna, sa wuta kuma? Ajiyewa kawai na yi na tafi masallaci. A sahun gaba ma na yi salla."

"Ƙaninka fa?"

"Ai na duba masa. Da mai hankali aka kama, da yanzu yana gidan yari. Shi kuwa wa zai kai shi kotu? Ga shi ma ta sanadin haka ya samu magani. Ɗan ƙaro min miya."

"Tsohuwar da hannunta ya ƙone fa?"

"Wa ya aike ta?"

Na zuba wa fuskarsa ido ina neman wani abu, ko kunya, ko tsoro, ko da fushi ne. Babu. Kamar ƙwaryar da aka wanke aka kife. Ya cinye tuwonsa tas, ya wanke hannu, ya durƙusa ya yi min sallama, ya ce, "Ke uwata ce, na san a nan maganar za ta tsaya."

Bayan ya fita na zauna a wurin har la'asar ta kusa wuce ni. Sai na tuna yana yaro na taɓa kama shi ya tura ɗan tsako cikin garwashi, ya tsuguna yana kallo. Na tuna da na kira shi ya taso da ladabi ya ce, "Na'am, Inna." Muka ce ƙuruciya ce.

Da ranar allurar auta ta zagayo, na bi su asibiti, na roƙi likitar ta ba ni ɗan lokaci ni kaɗai. Na ba ta labari ban faɗi ko wane ne ba. Na ce, "Shi ma a yi masa allurar nan. In na lallashe shi zai zo."

Ta ajiye bironta. Ta ce, "Mama, ban gan shi ba, ba kuma zan laƙaba wa mutumin da ban duba ba suna. Amma halin da kike faɗa, akwai abin da ake kira saikofati. Wannan wani layi ne dabam, nesa da na ɗanki. Mai shi hankalinsa garau yake. Ba ya jin muryoyi, ya san yau, ya san gobe, ya san daidai, ya san kuskure. Abin da ya yi masa ƙaranci shi ne tausayi da nadama. Sau da yawa za ki same shi da daɗin baki, ya iya zama da mutane, ya san abin da kowa ke son ji. In zai cuci mutum, a natse yake shirya abinsa."

Na ce, "Duk marasa imanin nan haka suke?"

Ta ce, "Akwai ɗan'uwansa da ake kira soshiyofati. Shi ma ba ya kiyaye haƙƙin mutane, amma shi zafin kai gare shi, ba ya iya dogon shiri, ba ya iya ɓoye halinsa, yau faɗa gobe rigima. An fi danganta nasa da irin tashin da ya yi, duka, ko wulaƙanci, ko rashin mai kula. Yakan iya ƙaunar nasa 'yan kaɗan, wani lokaci har abin ya ɗan dame shi. Mu kanmu likitoci muna gardama a kan inda iyakar biyun take, a littattafanmu ma ƙarƙashin suna ɗaya muke sa su. Amma duka biyun ba su ne ciwon ɗanki ba, kuma ba ni da allurar da ke sa tausayi."

Na ce, "Ni na rene shi. Ni na ɓata shi?"

Ta ce, "Wani abu da shi ake haihuwar mutum, wani rayuwa ce ke ƙara masa, babu wanda ya gama sanin rabon kowanne. Ba ke kika reni ɗayan ba?"

A mota ina komawa na yi ta juya maganar. Malamai sun ce wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami, ba a rubuta masa laifi. Ashe wanda aka ɗauke wa alƙalami shi muka ɗaure, wanda nasa ke rubutu muka bi shi da albarka, don ɗaya ya wuce mu bai yi magana ba, ɗaya ya iya durƙusawa.

Yanzu ga inda na fi jin nauyin faɗa. Na yi shiru. Shekara biyu na yi shiru. Ban gaya wa kowa ba, har wannan da ke rubutu. Na ce jinin maigidana ne, amana ce aka ba ni, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na ce wa ma zai yarda da ni? Na ce tunda auta ya samu sauƙi, a bar kaza cikin gashinta.

Auta ya koma ɗinki a Wuse, a wani shagon, da keke mai amfani da lantarki, don ƙafar ba ta jure taka na da. Amma bai sake taka Karshi ba. Salla ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. In na dafa abinci sai in ga na zuba ya yi yawa. In na ji mota ta tsaya a bakin titi sai in tsinci kaina a zaure, ban san lokacin da na tashi ba. Ɗan da ya mutu ana yi masa addu'a a haƙura. Wanda yake raye, tsakaninku tafiyar mota kawai, ban san me ake yi da irin wannan kewa ba.

Sai ni na riƙa zuwa. Mota uku nake shiga kafin in isa. In zauna a kan benci a bakin shagonsu, masu dako na wucewa, 'yan kasuwa na kiran ciniki, ni ina kallon bayansa yana aiki. Yakan sayo min ruwa mai sanyi. Yakan tambayi ƙafata. Wata rana na yi ƙarfin hali na ce, "Auta, ba za ka zo gida ba? Ko yini ɗaya."

Bai juyo ba. Ya ce, "Inna, a nan ni tela ne. A can har yanzu ni ne wanda ya ƙona rumbu."

Bakina ya riga ni. Na gaya masa komai, da maganin sauron, da sahun gaba, da miyar da aka ce in ƙaro. Ya tsayar da keken.

"Tun yaushe kika sani?"

"Shekara biyu."

Ya kunna keken ya ci gaba. Ya kai bakin rigar har ƙarshe, ya yanke zare, ya ninke ta ya ajiye. Sannan ya ce, "Marin na yafe miki tun tuni, Inna, don lokacin ba ki sani ba. Wannan fa?"

Na tashi na gyara mayafina. Ya raka ni har inda ake shiga mota.

Washegari da hantsi na yafa mayafina na tafi ƙofar mai unguwa. Dattawa na zaune a gindin bishiya. Ni da ban taɓa buɗe baki a gaban maza ba, na tsuguna na faɗi abin da na sani tun daga farko, ban rage ba, har da shirun da na yi. Aka aika a kira ɗan wan mijina. Ya zo ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya gaisar. Da aka maimaita masa maganata sai hawaye. Ya ce, "A yi wa Inna uzuri, tsufa ne. Kuma kun san ciwon nan a jini yake bi."

Wani dattijo ya girgiza kai ya ce, "Yaron da ke gaishe mu haka?"

Na ce, "Ni na koya masa gaisuwar, Malam. Na san iyakar inda ta tsaya."

Mai unguwa bai yanke komai ba ran nan, amma ya aika aka nemo manomin. Ya zo ya ce shekara uku ana matsa masa ya sayar, kuma ana gobe wutar ya tarar da ɗan wan mijina a bayan rumfar doyarsa, ya ce masa awon hanya yake. Yanzu maganar tana hannun hukuma, ban san inda za ta tsaya ba. Garin ya rabu biyu. Dangin maigidana sun ɗauke ƙafa daga gidana. Wasu matan da suka riƙa janye 'ya'yansu sun zo sun zauna min shiru, sun tashi sun tafi. Wasu har yau cewa suke uwa ce ke wanke ɗanta. Shi ya sa na ce a rubuta, a karanta wa wanda bai je ƙofar mai unguwa ba: ɗana bai sa wuta ba. Ciwo ya yi, yana shan magani, yana ɗinkinsa.

Makon jiya wayata ta yi ƙara ina tankaɗe. Shi ne.

Ya ce, "Inna, na ji kin je."

Na ce, "Na je."

Ina jin hayaniyar kasuwa ta bayansa. Na ƙudura ba zan roƙe shi ba, na riƙe bakina da ƙyar. Can sai ya ce, "Motar Karshi, har yanzu a Nyanya ake shiga?"

Na ce, "A nan ake shiga."

Ya ce, "To." Wani ya kira shi a shagon, ya ce min sai an jima.

Bai faɗi rana ba, ni ma ban tambaya ba.